Kafin Ka Buga Hatimi A Kan Naira: Tarihin Rubutu A Jikin Kuɗi, Daga Gella Zuwa Duniya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye shi sai ya fito.

Kowa ya zaro ɗari biyu ko ɗari biyar ɗin da ke aljihunsa ya duba ta gaba da baya. Da wuya ka tara guda goma ba ka samu wadda aka yi wa rubutu ba. Wata lambar waya ce a jikinta, wata sunan budurwar wani da jan biro, wata kuma lissafin ɗan kasuwa ne da ya ƙirga bandir ya rubuta jimla a ta sama. Kwanan nan kuma maganar ta ƙara gaba. Wasu daga cikinmu masu sayar da data, da turare, da masu ɗinki, suna shawarar a sassaƙo ƙaramin hatimi mai suna da lambar waya a riƙa bugawa a kan kuɗi, wai ai talla ce kyauta, tunda kuɗi ba ya kwana wuri ɗaya. Har akwai mai cewa ta haka ma za ka san inda kuɗinka ya kai, in wani ya kira ka daga Legas ko Marwa.

Dabarar tana da ma'ana, kuma ba yau aka fara ta ba, ta haura shekara 170 a duniya. Abin da tarihinta yake nunawa shi ne jikin kuɗi allon sanarwa ne da ya fi kowane allo yawo, shi ya sa duk mai mulki yake kishinsa kamar gonar gado, ba ya yarda wani ya sa hannu. Mu 'yan Gella da Mubi ma ba sai mun je nesa neman misali ba, domin ƙasarmu ta ga hatimin masu mulki kala-kala fiye da yawancin garuruwan Najeriya.

A watan Yunin 1851 Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya biyo ta Uba da Mubi a hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola. Abin da ya tarar ana ciniki da shi a kasuwar Sorau, nan kudu da mu, sawayen farin saƙi ne, wanda ake kira leppi da Fulatanci. Da shi ake auna farashin kaya. A Borno irinsa ake ce wa gabaga. A Kano kuwa a shekarun nan wuri ne yake ci, kusan wuri 2,500 a kan azurfa ɗaya. Wurin nan daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kwaso shi, ya biyo jiragen ruwa da ayarin fatake har ƙasar Hausa. Kalmar kuɗi ɗin kanta asalinta jam'in wuri ce, shi ya sa har gobe muke cewa wuri na gugar wuri. To ku lura da abu ɗaya: daga leppi har wuri babu wanda yake ɗauke da sunan sarki ko hotonsa. Ba wanda ya buga su, ba kuma wanda zai wayi gari ya ce ya soke su.

Kuɗi mai fuska da ya yi suna a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa shi ne liyari, azurfar nan mai hoton Mariya Taresa, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga azurfar da hotonta da wannan shekarar ta 1780, ba a canjawa, saboda fatake daga Yaman zuwa Habasha zuwa Borno ita suka sani, ita suka amince da nauyinta. In aka taɓa zanen, kasuwa za ta ƙi karɓa. Matar da ba ta taɓa taka Afirka ba, fuskarta ta shiga lalitar mutanen da ba su san sunan ƙasarta ba. Babu wani mai shela da zai iya kai sunan mutum inda azurfar nan ta kai nata.

Turawan mulkin mallaka sun gane wannan sarai. Ingilishi suka ci Yola a 1901, amma Mubi da duwatsunmu suka faɗa rabon Jamus, aka haɗa mu da Kamaru, kuɗin hukuma ya zama mak na Jamus. Da aka kori Jamusawa a yaƙin duniya na farko, Faransawa suka riƙe yankin na 'yan shekaru, sannan aka miƙa shi ga Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana. Da haka sule da sisi da taro da kwabo da anini suka zama kuɗinmu. A Arewacin Najeriya an riga an hana shigo da wuri tun farkon ƙarnin, kuma babbar hanyar da aka tilasta wa mutane karɓar sabon kuɗi ita ce haraji. In hukuma ta ce da sule za ka biya, dole ka nemo sule, ko da gyaɗarka ko da ƙarfinka.

Wanda ya taɓa ganin tsohon kwabo ko anini mai huda a tsakiya, irin wanda kakanni suke ajiyewa a kwalla, ya duba da kyau. Bayan sunan sarkin Ingila da Turanci, akwai rubutu da haruffan Larabci da ke faɗin darajar kuɗin. An fara buga irinsu tun 1907. Bature bai sa wannan rubutu don son addinin kowa ba. Ya san masu karatu a ƙasar nan a lokacin da waɗannan haruffa suke karatu, kuma yana son saƙonsa ya isa. Sannan a 1959 Babban Bankin Najeriya ya fito da fam ɗin ƙasa. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, iyayenmu suka zaɓi Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna da hedikwata a Mubi. Ran 1 ga Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Ke nan mutumin Gella da aka haifa wajen 1895, in Allah ya ba shi shekara 80, ya riƙe leppi, ya riƙe kuɗin Jamus, da na Faransa, da na Ingila, da fam ɗin Najeriya, da naira, alhali ko ƙaura bai yi daga gidan ubansa ba. Duk wanda ya karɓi mulki, abin da yake fara aikowa shi ne hatiminsa a cikin aljihun talaka.

Rigimar ba ta ƙare da tafiyar Turawa ba. Ajamin da ke jikin naira, wanda mutane da yawa suke ɗauka Larabci ne, Hausa ce tsantsa: naira ɗari biyu, naira ɗari biyar, naira dubu. A 2007, zamanin da Charles Soludo yake gwamnan Babban Banki, aka cire shi daga naira 5, 10, 20 da 50, aka sa darajar kuɗin da Hausa da Ibo da Yarbanci a rubutun boko. A 2014 aka fito da sabuwar naira 100 ta cikar Najeriya shekara ɗari, ita ma babu ajami. An kai maganar har kotu, masu neman a cire shi gaba ɗaya da masu karewa. Kalmomi biyu ko uku ne fa kacal, waɗanda ba su wuce faɗin ɗan yatsa ba, amma ƙasa ta yi shekaru tana cacar baki a kansu. In kun juyo naira 1000 kuma, ɗaya daga cikin mutum biyun da ke jikinta, Aliyu Mai-Bornu, haifaffen Yola ne, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Banki, daga 1963 zuwa 1967. Babu hoto ko harafin da ya hau kuɗi da ka, sai da aka zauna aka zaɓa.

To su wa suka fara kutsawa cikin wannan gona ta hukuma? 'Yan kasuwa ne. A Ingila, wani mai gidan jarida Edward Lloyd ya riƙa buga sunan jaridarsa ta mako-mako a kan kwabban da yake biyan ma'aikatansa da su, su kuma su kashe a gari, talla ta bazu. Abin ya yi yawa har majalisa ta yi doka a 1853 ta haramta buga suna ko kalma a kan kuɗin ƙasar. Bayan kusan shekara talatin kamfanin sabulu na Pears ya gano kafa a dokar: ta hana taɓa kuɗin Ingila, ba ta ce komai a kan na waje ba. Sai suka shigo da sulallan tagulla na Faransa masu girman kwabo, waɗanda mutane suke karɓa a matsayin kwabo, suka buga sunan sabulunsu a kai suka saki. Ƙarshenta hukuma ta toshe wannan kafar ita ma. Kun ga duk lokacin da aka yi, amsar gwamnati ɗaya ce.

Bayan 'yan kasuwa sai masu gwagwarmaya. Kafin yaƙin duniya na farko, mata masu neman 'yancin zaɓe a Ingila sun riƙa buga buƙatarsu a kan fuskar sarki a jikin kwabo. Sun zaɓi kwabo ne saboda ƙanƙantarsa, ba wanda zai ɓata lokaci ya janye shi daga kasuwa, kuma hannun talaka yake yawo. A Barazil, a 1975, wani ɗan jarida Vladimir Herzog ya mutu a hannun sojoji, gwamnati ta ce shi ya rataye kansa. Jaridu ba su da bakin magana. Sai wani mai zane, Cildo Meireles, ya yi hatimi da tambaya ɗaya, wa ya kashe Herzog, ya riƙa bugawa a kan takardun kuɗi yana mayarwa kasuwa. Soja zai iya rufe gidan jarida, amma wa zai yaga kuɗinsa don an yi tambaya a jiki? Kowa ya karanta ya miƙa gaba.

Akwai kuma hatimin amana, wanda shi mun san shi a gida. Wanda ya taɓa riƙe dala ɗari da ta biyo ta hannun 'yan canji, irin na Wapa a Kano, zai iya ganin wani ɗan mitsitsin tambari a gefe, tauraro ko harafi ko wata alama. Ɗan canji ne ya buga, ma'ana ta biyo ta hannunsa, ya duba, ba jabu ba ce, in ta dawo zai gane tasa. Fataken Sin sun yi haka a kan azurfa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Daga nan ne maganar hatimi take haɗuwa da maganar bin sawu.

Kowace takardar kuɗi tana da jerin lambobi nata ita kaɗai, kamar lambar rajistar ɗalibi. A 1932 aka sace jaririn wani shahararren matuƙin jirgin sama na Amurka, Charles Lindbergh, aka biya kuɗin fansa, amma an rubuta lambobin takardun kafin a bayar. Yaron dai gawarsa aka tsinta. Sama da shekara biyu kuɗin suna ɓullowa jefi-jefi ba a kama kowa ba. A Satumbar 1934 wani mutum ya sha mai a Niyok ya biya da dala goma irin wadda gwamnati ta riga ta janye. Ma'aikacin gidan man ya ji bai natsu ba, sai ya rubuta lambar motar mutumin a gefen takardar. Da ta isa banki aka ga tana cikin kuɗin fansa, lambar motar nan ita ta kai 'yan sanda gidan Bruno Hauptmann. Ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa.

A ƙarshen 1998 wani Ba'amurke, Hank Eskin, ya buɗe shafin intanet mai suna Where's George, wato ina George, saboda hoton George Washington da ke kan dala ɗaya. Kana shigar da lambar takardarka da yankin da kake, ka buga mata hatimin adireshin shafin, ka kashe ta. Wanda ta faɗa hannunsa ya shigar shi ma, sai a ga tafiyarta. Wasa ne aka fara, amma a 2006 wani masani Dirk Brockmann da abokan aikinsa biyu suka ɗauki bayanan dubban ɗaruruwan takardu suka fitar da bincike a mujallar Nature. Sun gano yawancin kuɗi kusa-kusa yake zagaye, sai kaɗan daga ciki su yi tsalle mai nisa lokaci guda. Tunda kuɗi ba shi da ƙafa sai ta mutum, taswirar tafiyarsa ita ce taswirar tafiyar mutane. A 2009 aka yi amfani da wannan wajen hasashen yadda murar aladu za ta bazu a Amurka. Turai ma suna da irin shafin tun fitowar yuro a 2002.

Ku kwatanta da namu. Naira dubun da aka ba mai shayi a bakin ƙofar jami'ar jiha ko ta kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Mubi za ta iya yin wata guda tsakanin mai shayi, mai burodi, ɗan acaɓa da mai POS, ba ta bar gari ba. Wata kuma ranar kasuwar shanu za ta faɗa aljihun dillali, gobe ta kwana a motar da ta nufi Kudu, ko ta bi ta Sahuda ta tsallaka Kamaru a hannun mai shanu, inda naira da sefa suke cuɗanya kamar 'yan gida ɗaya. Hukuma ba ta da idon da zai bi kowace takarda a irin wannan tafiya.

To me gwamnati take yi in ta kasa bin sawun kuɗinta? Sai ta kashe su gaba ɗaya, ta ce kowa ya kawo nasa. A Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta canja takardun kuɗi don waɗanda ke hannun Biyafara su zama takardar tsire. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki, ta sauya launin naira, ta ba da ƙasa da mako biyu a canja. Na ukun kuwa kowannenmu ya ɗanɗana. A Oktoban 2022 Godwin Emefiele ya sanar da sauya fasalin 200, 500 da 1000. Hujjar Babban Banki ita ce sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da ke yawo suna wajen bankuna, ga jabu, ga masu karɓar kuɗin fansa. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuɗi kuwa babu su. Sai da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. An ce ɓarayi ake farauta, amma wa ya kwana a layin banki? Wa ya sayar da akuyarsa da asara don mai saye ya ce sai dai tiransifa, shi kuwa ko asusu ba shi da shi? Mutanen ƙauyukan kan dutse da na bakin iyaka, waɗanda sai sun biya kuɗin mota zuwa Mubi kafin su ga ƙofar banki, su suka fi kowa jin jiki. Wuri da leppi duk da wahalar ɗaukarsu ba a taɓa soke su da sanarwar rediyo cikin dare ɗaya ba. Kuɗi mai hatimi kuwa, mai hatimin ne yake da shi, kai riƙo aka ba ka.

Yanzu mu dawo kan shawarar 'yan uwanmu masu son talla. Na farko, doka. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, kuma rubutu a kanta yana ciki, tare da liƙi a wajen biki, da tattakawa, da yagawa. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Shekaru ana ganin dokar kamar ta takarda ce, sai a Afrilun 2024 kotu a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida ba zaɓin tara saboda liƙi. Mai liƙi ma sai an samu bidiyo kafin a kama shi. Kai kuwa da ka buga sunanka da lambarka, ka rubuta wa mai gabatar da ƙara shaidarsa da hannunka, kwafi ɗari.

Na biyu, ku tuna ma'aikacin gidan man can na Niyok. Abin da aka rubuta a gefen takarda shi ya kai jami'ai ƙofar gida. A can mai laifin ne aka samu. A nan, kai ba ka san hannun da takardar za ta faɗa ba bayan ta bar naka. A ƙasar da ake tara kuɗin fansa a buhu, in aka kama buhun aka ga lambar wayarka a kan takardu ashirin, ranar za ka yi bayanin tallar turare a inda ba a sauraron bayani da wuri. Haka masu rubuta lambar 'yar ajinsu a kan kuɗi don wasa ko don huce haushi, ku ji tsoron Allah. Kun jefa ta hannun duk wanda ya ga dama, kuma ba ta da hanyar janyewa.

Na uku, wanda zai biya kuɗin tallarka ba kai ba ne. Takardar da ta sha tawada ita ake fara ƙi a kasuwa. Mai shago zai ture ta, ɗan canji a bakin iyaka zai rage mata daraja, ƙarshenta ta maƙale a hannun tsohuwa mai sayar da daddawa a kasuwar Gella, wadda ba ta iya ƙin karɓa ba don kada ciniki ya wuce ta. Kai ka samu kwastoma ɗaya, ita ta yi asarar cinikin yini.

Amma sha'awar sanin inda kuɗi yake zuwa ba laifi ba ce, ilimi ne, kuma ba ya buƙatar hatimi. Masu neman maudu'in furojet a tattalin arziki, ko tarihi, ko labarin ƙasa, ga fili nan. Lambar da ke jikin takarda ta isa. A samu masu shago da masu POS kaɗan a Gella, da cikin Mubi, da Sahuda, waɗanda suka yarda, a riƙa rubuta lambobin wasu takardu a littafi na tsawon zango ɗaya, a ga wacce ta sake ɓullowa a ina, bayan kwana nawa. Ko samu kaɗan aka yi, ya fi kwafo babi na biyu daga aikin wani.

'Yan tarihi kuma, naku ya fi gaggawa. Waɗanda suka jefa ƙuri'a a 1961 duk sun haura tamanin yanzu. Su ne suka ji daga bakin iyayensu yadda aka biya haraji da kuɗin Jamus, su suka san sunan kowane sulalla da Guɗe da Fulatanci da Hausa, da abin da ake kai wa na sadaki kafin zuwan sule. In an yi hutu, wanda yake da kaka ko kakan da ya rage, ya zauna da shi da waya a hannu ya ɗauki muryarsa, ya kuma roƙi a buɗe masa tsohuwar kwallar nan ya ɗauki hoton abin da ke ciki. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu gama lafiya.